Wane launin fenti zai yi wa falon nan?

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masu sanin harkar fenti. Na gama gini a Tumfure, nan Gombe, saura fentin ciki, amma sati 3 ke nan mun kasa tsayar da launin falo.

Falon taga ɗaya gare shi, tana kallon yamma. Da safe duhu, bayan la'asar kuma rana ta cika shi. Tayil ɗin ƙasa ruwan ƙasa ne, kujeru ruwan toka. Maiɗakina ta zaɓi ruwan toka mai haske a shago, muka shafa kaɗan a bango, da ya bushe sai ya koma kamar siminti. Mai fenti ya ce a yi fari. Ni kuwa na san ƙurar hunturu, ga yara uku masu goga hannu a bango.

Ruwan madara zai shiga da kujerun, ko zai yi rawaya da yamma? Sannan wanne ya fi, fentin ruwa mai ɗan sheƙi da ake gogewa, ko na mai daga ƙasa zuwa ƙugu? Don Allah wanda ya gwada ya taimaka.