Wa ya tuna 'yar tsanar tsohuwar nan da ke firgita mu a talabijin?

Ɗan Ƙofar Marusa:

Salamu alaikum jama'a. Don Allah 'yan zamanin da a taimaka mani da sunan wani shiri, tun jiya abin ke cina. Yarona ne ke kallon katun a wayar mamanshi sai na ce mashi ai mu lokacinmu akwai wanda in an sa shi har fitsari wasu ke saki, ya ce Baba mi sunanshi, wallahi na yi shiru kamar ruwa ya ci ni.

Ba zane ba ne, 'yan tsana ne masu motsi da magana. Akwai wata tsohuwa mai farin gashi buzu-buzu, fuska duk ta yamutse kamar goron da ya kwana a aljihu, ga farata zaƙo-zaƙo, in ta yi dariya sai ka ji tsikar jikinka ta tashi. Mu dai Mayya muke ce mata. Sannan akwai wasu ƙwallaye na ƙarfe masu ido da ke gangarawa suna magana. A gidan wani Alhaji maƙwabcinmu muke kallo, irin talabijin ɗin nan mai ƙofar katako da ake ja a sa makulli, kuma ba ka shiga sai ka wanke ƙafa a bakin rijiya an duba. Mun fi mu ashirin kan tabarma guda, da Mayya ta fito sai ka ga ana ta ja da baya har na ƙarshe ya dangana da bango. Wa ya tuna?

Malam Na Rafindadi:

Wa alaikumus salam. Hhhh ƙanena ka taɓo inda ke mani ƙaiƙayi. Terrahawks sunan shirin, Mayyar taku kuma Zelda. A Ingila aka yi shi, ya fara fita 1983, wani Gerry Anderson ya shirya, shi ne dai ya yi Thunderbirds tun 1965. Bambancin su shi ne na Thunderbirds da zare ake jan su daga sama, in ka ƙura ido ma kana hango zaren, shi ya sa tafiyarsu take kamar ta wanda ya taka ƙaya. Su kuwa su Zelda roba ce aka yi masu fuska da ita, mutum na ƙasa ya zura hannu ciki yana juya su.

A labarin ita ba mayya ba ce ma, mutum-mutumin inji ce da ta kafa sansani a duniyar Mars tana son cin duniyarmu da yaƙi. Ƙwallayen nan sojojin mutanen kirki ne kuma babbansu muƙaminshi samanja ne, Samanja Zero, to ka san mu da jin samanja sai mu tuna namu na Kaduna mai gashin baki. Ita kuma nata sojojin masu kusurwa huɗu ne kamar kwalin shuga. Abin da ya fi ba ni dariya yanzu, wai duk a shekarar 2020 labarin ke faruwa, da jirage masu zuwa sararin samaniya kamar ka hau mota zuwa Jibiya. To 2020 ta zo mun ganta, korona muka samu da zaman gida.

Maman Khairat (Daura):

Kai Malam Allah ya saka, yau na san sunan matar da ta hana ni fita fitsari da dare. Amma ni nawa na so shi ne Sesame Street. Mu a Daura kallon ma sai da wahala, eriya a kan doguwar gora, Yaya ya hau katanga yana juyawa mu muna ciki muna ihu ya yi! ya tafi! dawo da shi kaɗan! wani lokacin garin juyawa sai ka faɗa tashar Nijar ana ta Faransanci. In NEPA sun ɗauke a jona batirin mota, hoton na ƙanƙancewa a hankali har ya koma kamar akwatin ashana.

Turanci ba mu ji ba, don haka mu muka raɗa masu suna. Dogon tsuntsun nan Jimina, mai cin biskit yana zubarwa Acici, mai zama cikin garwar shara Ɗan Bola, shi kuma kwaɗo kwaɗo ne. Da yake namu baƙi da fari ne sai da na girma na san Jimina ruwan ɗorawa ce. Kakarmu kuwa in ta gan su sai ta yi ta a'uziyya, ta ce abin da ba rai yana magana ai sai aljani, ta juya mana baya amma kunnenta na wurin, in an gama ta ce yau mai cin biskit ɗin bai zo ba?

Ranar da Yaya ya gano hannu ne a ciki ya ɗauki safar Baba ta zuwa ofis, sabuwa fil, ya ɗinka mata maɓallai biyu, ya ɓuya bayan turmi yana mana wasa da muryar Acici. Sai da ya huda ta wajen yin baki. Da safe Baba na neman ƙafa ɗaya ya same ta tana kallonshi da ido biyu. Ba sai na faɗi sauran ba.

Malam Na Rafindadi:

Hajiya ki ce wa Yayanki hanya ya kama aka tare shi. Shi kanshi Jim Henson mai kwaɗon, da tsohuwar kwat ɗin mahaifiyarshi ya ɗinka na farko a 1955, ya raba ƙwallon tebur gida biyu ya yi ido. Jimina kuma mutum ne sukutum a ciki, hannunshi na dama a miƙe sama shi ke riƙe kan yana buɗe baki, ba ya ganin waje sai ta wata 'yar talabijin da aka ɗaura mashi a ƙirji. Mutum guda ya yi wannan aikin tun da aka fara shirin a Amurka a 1969 har 2018. Ki ɗaga hannu minti biyar ki ji.

Bakatsine Sak:

Ni fa ku yi haƙuri zan ɓata maku biki. Ba wai daɗin shirin ya kai haka ba, rashin zaɓi ne. Tasha ɗaya, ba ta buɗewa sai ƙarfe huɗu na yamma, kafin nan mu zauna muna kallon layukan nan da ƙarar tiiii kamar wasu marasa aikin yi, a yi taken ƙasa, a ba mu ɗan abin da aka ba mu, ana kiran magariba a kashe a kora mu masallaci. Kuma lokacin ya ci karo da makarantar allo, bulalar da na sha kan kwaɗon nan Allah kaɗai ya san adadinta.

Abin da ke ƙona mani rai, muna da Gizo da Ƙoƙi da Botorami da kura uwar tsoro, duk wanda aka yi wa tatsuniya a tsakar gida ya san Gizo ya fi kwaɗon nan iya shege nesa ba kusa ba, ga tsamin bakin nan nashi da kamar don 'yar tsana aka yi shi. Tales by Moonlight na NTA sun ɗan kamanta ranar Lahadi, mutane na sa kayan dabbobi, amma da Turanci ne kuma kunkuru ne gwaninsu. Da aka zo yin na Najeriya a 2011, Sesame Square, sai aka kawo Kami da Zobi, shi Zobi direban tasi mai son doya kamar ranshi. Ba laifi, yarana sun kalla, har da Hausa an juya shi. Amma doya fa? ina laifin fura.

Ɗan Ƙofar Marusa:

Na gode ƙwarai Yaya Malam, na same shi a YouTube da daren nan. Na kira yaron na ce zo ka ga abin tsoro, ya kalla bai fi minti biyu ba ya ce Baba wannan ai roba ce, bakinta ma ba ya tafiya daidai da maganar, ya karɓi wayar uwarshi ya yi gaba. Ni na ƙarasa shi ni kaɗai, da ta fara dariyar nan sai da na rage murya, uwargida na tambaya lafiya na ce yara na barci.

Bakatsine maganarka ta Gizo gaskiya ce, amma bulalar ai tare muka sha in dai allon Ƙofar Marusa ka yi. Kuma Malam ka manta wasan da ƙwallayen ke yi da masu kusurwa a ƙarshen shiri, irin na jera uku a layi kamar dara. Mu har caca muke da gyaɗa kan wa zai ci, wani abokina har yau yana bina ƙwaya goma.