Soyayyar Kaza Mai Yaji da Waful a Gida

Haɗa soyayyar kaza da waful (wani irin fanke mai ramuka-ramuka da ake gasawa) girki ne da ya yi suna a wajen Baƙar fatar Amurka, kazar mai yaji kuwa birnin Nashville na Amurka aka sani da ita. A wata tattaunawa kan yadda ake yinta a gida, bakin mutane ya zo ɗaya kan jiƙo: kazar ta kwana a firiji cikin nono mai tsami, da gishiri da tafarnuwa. Tsamin ne ke tausasa naman. Cinya ta fi ƙirji, don ba ta saurin bushewa.

A gauraya fulawa da ɗan sitacin masara, ɓawon zai fi garas-garas. Zafin mai ya kai digiri 175 a ma'aunin Celsius, kuma kada a cika kasko, in ba haka ba kazar ta sha mai.

Kan yaji aka rabu. Wasu a fulawa suke zuba barkono. Wasu suka ce yana ƙonewa ya yi ɗaci, gara a ɗebi man suyar da zafinsa, a dama da garin barkono da ɗan sukari, a shafe kazar bayan an tsame. Ni dai wannan na fi gamsuwa da shi, domin ƙamshin barkonon ya fi fitowa.

Waful kuma a rage masa sukari, a buga farin ƙwai daban har ya yi kumfa kafin a haɗa. Zuma ta wadatar a kai.