Tashoshin wuta na Kpone ne ke cinye kifin Tema?

Hajiya mai kifi, Ashaiman: Salamu alaikum jama'a. Masunta a bakin ruwan Tema sun ce tun da aka jera tashoshin wutar lantarki a Kpone, kifin amane (sardin) ya yi wuya. Wai bututun da ke jan ruwan teku don sanyaya inji yana haɗiye kifi dare da rana. Ni dai na yarda, don kuɗin kwando ya isa shaida.

Malam na Nima: Wa alaikumus salam. Hajiya, ba a nan gizo ke saƙa ba. Amane ya fara ja baya tun kafin tashar Cenpower ta fara aiki a 2019. Ina batun saiko, inda manyan jirage suka riƙa kwashe ƙananan kifi su sayar wa masu kwalekwale a tsakiyar teku? Ina kamu da fitila, da raga mai ƙananan idanu? Bututu ba ya bin kifi har Elmina.

Injiniya, Tema: Malam ya fi kusa da gaskiya, amma maganar Hajiya ba ta faɗi ƙasa ba. Ba kowace tasha ce ke shan ruwan teku da yawa ba. Wata da iska take sanyaya inji, wata tana juya ruwa ɗaya ne a hasumiyar sanyaya. Wadda ke jan ruwan ta mayar da shi teku da ɗumi, ita ce abin dubawa. Ɓarnar iri biyu ce. Kifin da ya ɗan girma, ƙarfin ruwa kan manne shi a jikin ragar ƙarfen da ke bakin bututu har ya galabaita. Ƙwai da 'ya'yan kifi kuwa ta cikin ragar suke wucewa, su haɗu da zafi da sinadarin kulorin da ake zubawa don kada ƙwarin teku su toshe bututu. Wannan ta biyun ba wanda ke ganinta, don ba gawar da za ta taso. A Amurka, dokar 2014 ta hau kan tashar da ke jan fiye da galan miliyan 2 a rana, kuma ɗaya daga hanyoyin cika ta shi ne kada gudun ruwa a bakin raga ya wuce kimanin santimita 15 a daƙiƙa. Wannan hanya, kifi mai iya iyo kawai take ceta.

Tela, Mamobi: Injiniya, Amurka daban, Gana daban. Kun manta da dumsor, lokacin yawan ɗauke wuta? A 2015 keken ɗinki na lantarki ya koma ado a shago. Kifi ko wuta, ni na zaɓi wuta.

Injiniya, Tema: Ba wanda ya ce a kashe inji, ɗan'uwa. Faɗaɗa bakin bututu, kai shi nesa da inda kifi ke ƙyanƙyasa, da yin kwata mai mayar da kifin da raga ta tare zuwa teku, duk ana yi wuta na ci.

Lauya, Sabon Zango: Ai mu ma muna da doka. Dokar muhalli ta ce ba a gina irin wannan tasha sai an yi nazarin tasirinta ga muhalli, hukumar kare muhalli ta EPA ta ba da izini, sannan kamfani ya riƙa miƙa rahoto duk shekara. Sai dai izini takarda ce kawai. Abin tambaya: rahoton yana ƙirga ƙwai da 'ya'yan kifin da suka shiga bututu, ko zafin ruwan da ke fita kaɗai ake aunawa? Dokar 'yancin samun bayanai ta 2019 ta ba kowa damar nema a rubuce.

Malam na Nima: Ko an ƙirga, ba za su kai abin da jirgi ɗaya ke kwasa ba.

Hajiya mai kifi, Ashaiman: Malam, ka ƙirga ne? A shekarun baya, in an rufe teku, talaka mai kwalekwale kan yi zaman wata guda a gida don kifi ya hayayyafa. Shi bututun ana rufe shi a watan? Lauya, rubuta mana takardar, zan kai wa sarkin masunta ya sa hannu.

Lauya, Sabon Zango: To Hajiya, bayan Juma'a in sha Allah. Injiniya, turo mini tambayoyin da zan sa a ciki.