Abin da masana suka ce kan ɗaukar hoton taurari a gandun dajin Yankari

Yawancin masu ɗaukar hoton da suka tattauna batun sun yarda cewa lokaci ya fi kyamara muhimmanci. Hazon hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu yana dusashe sama, damina kuma girgije ne. Ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ya fi, a kwanakin ƙarshen watan Musulunci, lokacin da babu farin wata. A lokacin, ana ganin taurarin Kaza da 'Ya'yanta ta gabas bayan Isha.

A kafa kyamara kan sanda mai ƙafa uku. Da lens (gilashin kyamara) na 18mm, a buɗe ƙofar haskensa zuwa f/3.5, a sa ISO (ƙarfin kama haske) a 3200, a bar kyamara tana ɗauka na daƙiƙa 15. In an wuce 20, taurari sai su ja layi saboda juyawar duniya. A saita kaifin hoto da hannu kan tauraro mai haske, don na atomatik ba ya kamawa a duhu. A sa jinkirin daƙiƙa 2, kada yatsa ya girgiza kyamarar.

Masu ɗaukar hoton sun yi saɓani kan amfani da waya: wasu sun ce tsarin ɗaukar hoton dare na waya ya wadatar, wasu sun ce ɓata lokaci ne. Amma babu mai gardama cewa kada a bar sansanin Wikki, masaukin baƙi na Yankari, da dare ba tare da izinin jami'an gandun ba, kuma a sa rufaffen takalmi saboda kunama.