Ta maido mani da kuɗina, amma ta hana ni sakat

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema don Allah. Na sayi leshi wurin wata mai saida kaya a Instagram, tana Kano, dubu 48 har kuɗin mota. Da na amso a tasha sai na ga ba shi ne na hoton ba, kala daban, ga wani gefe duk ya zare. Ta ce kayanta in ya fita ba ya dawowa. Sai da na rubuta abin da ya faru a ƙasan hotonta sannan ta sauko, na ba direba ya kai mata, ta turo dubu 43, na haƙura da sauran. To tun ranar ban huta ba. Kira da lambobi kala-kala har tsakar dare, ta ɗora hotona a sitatus wai na sa kayanta biki na maido. Jiya kuma saƙon murya, wai ta san gidanmu a Ƙofar Ƙaura, za ta turo masu koya mani hankali.

Anti Indo: Innalillahi. Ke ma dai, ki yi bulokin ɗinta mana ki huta.

Barista Asma'u: Wa alaikumus salam. Anti, a dakata da bulokin tukuna. Maman Hanif, kafin komai ki tattara shaida, yau ɗin nan. Sitatus awa 24 yake yi ya ɓace, kuma tana iya goge saƙon muryar daga wayarki muddin bai wuce kwana biyu ba. Ki ɗauki hoton allon wayar yadda lambarta da kwanan wata za su fito, ki tura muryar zuwa wata wayar. A WhatsApp akwai wurin fitar da hira gaba ɗaya a aika imel, ki yi hakan. Ki haɗa da rasiɗin banki na turawa da na maidowa, don sunanta na gaskiya yana nan a jiki. Lambobin da take kira da su ki rubuta su a takarda da lokacin kowane kira.

Ummi Daura: Ni da ni ce wallahi hotonta zan baza a kowane zaure, ta ji in da daɗi. Turo mani shafin nata.

Barista Asma'u: Ummi, ki rufa ma Maman Hanif asiri. Yanzu Maman Hanif ce mai gaskiya tsaf. Ranar da ta rama da zagi ko ta baza hoto, an koma faɗan mata biyu, duk inda aka je cewa za a yi kowa ta ba kowa haƙuri. Saƙo ɗaya tak za ta rubuta mata: ciniki ya ƙare, ki daina kirana, ki sauke hotona, in ba haka ba zan kai ƙara. Daga nan shiru.

Hajiya Babba: Ƙanwata, maigidan ya sani?

Maman Hanif: Ban faɗa mashi ba Hajiya. Dama ya sha hana ni sayayyar waya.

Hajiya Babba: Ki faɗa mashi daren nan. Gara ki sha faɗansa na minti goma da a ce bakin wata ya fara kai mashi, don irin waɗannan da miji suke tsorata mace. Ki gaya ma yaran gida kada su buɗe ma baƙo ƙofa, mai unguwa ma a sanar da shi. Sau da yawa kurari ne kawai, amma wadda ta ambaci unguwarku ba a yi mata sakaci.

Malama Rabi: Ni shawarata Hisba. Ba ja-in-ja, ba kashe kuɗi, kuma sulhu suke fara nema. A shari'a ma ai kina da haƙƙin maida kaya in an samu aibin da ba a bayyana maki ba, malaman fiƙihu sun yi babi guda a kan haka. Ba ki zalunce ta da komai ba.

Anti Indo: Hisbar Katsina za ta kira mutumiyar Kano? Sai dai in ta ga dama ta zo.

Malama Rabi: To a bi ta 'yan kasuwa. Yawancin masu tallar nan ba su da shago, a Kantin Kwari suke ɗaukar hoton kayan wani su ɗora. In aka gano maigidan da take ɗauka wurinsa, kira ɗaya zai yi ta natsu, don bakin cin abincinta ne. Direban da ya kawo kayan ya san inda yake amsa.

Barista Asma'u: Wannan dabara ce mai kyau Malama, a gwada. Amma a rarrabe abu biyu. Rigimar kuɗi daban, ita ce hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya, FCCPC, ke saurare ƙarƙashin dokarta ta 2018, kuma wannan magana ta “in ya fita ba ya dawowa” ba ta da ƙafa in kayan ya saɓa wa abin da aka tallata. Sai dai tunda an biya, wannan ya wuce. Abin da ya rage laifi ne. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya yi magana a kan saƙon da zai sa mutum tsoron a ji mashi rauni ko a kashe shi. An yi wa dokar gyara a 2024, aka taƙaita ɓangaren zagi da ɓacin rai saboda yadda aka riƙa kama 'yan jarida da shi, don haka kada ki je kina cewa ta zage ni kawai. Muryar nan ta “masu koya hankali” ita za ki sa a gaba. Ɗora hotonki a bainar jama'a wai kin sa kayanta biki kin maido kuma ɓata suna ne, dokar laifuka ta Final Kod ta tanadi hukuncinsa. Ki rubuta takardar koke zuwa DPO na yankinku, ko a shigar da ƙara kai tsaye gaban majistare.

Maman Sadik: Akwai humra da turaren wuta na Maiduguri, mai so ta yi mani magana ta gefe 🌸

Hajiya Babba: Maman Sadik, ranar talla Asabar ce. Ana maganar tashin hankali kina humra.

Ummi Daura: To ai lambobin da take kira da su ba nata ba ne, ya za a kama ta?

Barista Asma'u: Kowane layi yanzu a haɗe yake da lambar NIN ta wani. Ni da ke ba za a ba mu sunan ba, amma 'yan sanda suna nema ta hanyar doka. Wanda ya ara mata waya shi za a fara kira, daga nan ba mai sake ara mata.

Anti Indo: Nawa za a kashe kafin nan? Kada a je neman haƙƙin dubu biyar a ƙare da kashe hamsin.

Zainabu Abu: Ai ba dubu biyar ake bi ba Anti, barcin dare ake nema. Yaya, bayan kin gama adana shaidar ki shiga saitin sirri na WhatsApp, hotonki ki maida shi sai waɗanda ke cikin wayarki, ai daga nan ta ɗauke shi. Akwai kuma inda ake kashe ƙarar kiran baƙuwar lamba. In za ki yi bulokin ki haɗa da kai rahoto, saƙonninta biyar na ƙarshe suna zuwa wurin kamfanin. Instagram ma ki kai rahoton shafin, amma mu kada mu taru mu yi mata ca, sai ta ce gayya aka yi mata. Gaba kuma a daina ba masu kaya kwatancen gida, tasha da lambar waya sun isa.

Maman Hanif: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na tura komai wayar ƙanena yanzu. Abin da na rubuta a ƙasan hotonta fa, in goge? Ta ce in na goge za ta ƙyale ni.

Hajiya Babba: Goge ki zauna lafiya.

Barista Asma'u: Ki ɗauki hotonsa tukuna. In gaskiya kika rubuta ba zagi, ba dole ki goge ba, zaɓinki ne. In kin ga sulhun ya fi maki, to a yi shi a rubuce ta hannun wani babba: ta sauke hotonki, ta janye maganar a inda ta yi ta, sannan ki goge. Kada ki riga ta. Ki biyo ofis gobe bayan azahar ke da Baban Hanif, ki buga hotunan a takarda kofi biyu, in duba kafin a rubuta koken.