Yaushe aka fara tara hotunan 'yan ƙwallo?

Ɗan Birni: Assalamu alaikum. Ƙanena da ke karatu a Italiya ya aiko mini da kundin liƙa hotunan 'yan ƙwallo na kamfanin Panini, na gasar cin kofin duniya ta Qatar 2022, mai gurbin sitika 670. Ina neman sanin asalin wannan al'ada, ko Panini ne suka ƙirƙiro ta?

Mai Nazari: Wa alaikumus salam. Al'adar ta girmi Panini nesa ba kusa ba. Tun ƙarshen ƙarni na 19 kamfanonin taba sigari a Ingila suke saka ɗan kati a cikin kwali domin kada sigarin ya karye, daga baya suka riƙa buga hotunan 'yan wasa a jikinsa, yara kuwa suka dinga tare manya a bakin shago suna roƙon katin.

Baban Yara: Malam ya yi daidai. 'Yan uwa na gidan Panini, masu sayar da jaridu a birnin Modena, sun kafa kamfaninsu a 1961, kundinsu na farko na gasar duniya kuma ya fito a 1970, lokacin gasar Meziko. A ganina dabararsu ita ce sayar da hotunan a rufaffen fakiti, domin mai saye ba ya sanin wanda zai samu, har mutum ya tara hoton mai tsaron gida ɗaya sau biyar, ya koma neman wanda zai yi musaya da shi.

Ɗan Birni: Na gode, Baba. Ashe shi ya sa ƙanen nawa ya haɗo mini da maimaitattun sitika har guda 40.