Tango: ocho na baya ya ƙi yi mini a milonga

Salamu alaikum. Ina koyon tango irin na Ajantina, ni ne mai jagora. Tafiya gaba ba matsala, amma da na nemi abokiyar rawa ta yi ocho na baya (takun da take ja da baya tana juyawa, ƙafafunta suna zana siffar lamba 8) sai ta tsaya cak, ko mu yi karo da gwiwa. Malamarmu ta ce da ƙirji ake juya mace, ba da hannu ba. Na gwada a gaban madubi, na gwada hannuwana a baya, a aji lafiya lau. To a milonga, wato taron da ake haɗuwa a yi rawar tango, ga cunkoso, runguma ta matse, kafaɗata ta dama sai ta ɗage, ita kuma nauyinta yana kan ƙafar da ba ita ba.

Yaya zan gane ƙafar da nauyinta yake kai kafin in juya, ba tare da na kalli ƙasa ba?